Dalilin gudaji a narkakkiyar robar jarka

Malam, ka tambaya me ya sa robar jarka, wato HDPE, ke fitowa daga inji da gudaji, alhali ma'auni na nuna digiri 180, ita kuwa tana narkewa a wajen 130. Zafin ƙarfen injin ma'aunin ke nunawa, ba na cikin robar ba. Ƙwayoyin HDPE a jere suke, a matse, warware su kaɗai na cinye zafi mai yawa, kusan jul 200 (ma'aunin makamashi) a kowane giram. Rage gudun injin, robar ta samu lokacin shan zafi.

Amma fa ka duba ko akwai gutsuren gorar ruwa, PET, a ciki. Shi sai wajen digiri 250, ko wuni ya yi a 180 ba zai narke ba. Zuba niƙaƙƙiyar robar a ruwa, PET zai nutse, HDPE ta taso, sai ka kwashe ka busar da ita sosai.