Ƙwarƙwata ta dawo kan 'yata bayan na yi mata magani

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata mai shekara 8 ta daɗe tana susar kai, na ɗauka amosani ne, sai da na kai ta kitso makitsiya ta ce ƙwarƙwata ce, a gaban mutane. Wallahi na ji kunya, don duk mako nake wanke mata kai. Na sayo magani a kemis na yi mata sau ɗaya, abin ya lafa, bayan mako biyu sai ga ta ta dawo, har ƙanwarta ta fara susa. Surukata ta ce in haɗa kananzir da kafur, maƙwabciyata ta ce ɗan fiya-fiya a cikin man kitso ya gama zance. Babansu kuma ya ce a aske su kawai. Yaya zan yi?
Maman yara biyu, Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Don girman Allah kada fiya-fiya ko Sniper su taɓa kan yarinyar nan, ko ɗigo ɗaya. Guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, balle fatar da susa ta riga ta ƙuje, kuma tana kisa. Kananzir shi ma yana ƙona fatar kai, kuma yarinyar da ta gifta kusa da murhu ko risho da shi a gashinta, sai dai a ce Allah ya kiyaye. Ki faɗa wa Hajiya da ladabi cewa an samu maganin da ya fi wannan, ba sai an yi musu ba.

Batun kunya kuwa, ki ajiye shi. Ƙwarƙwatar kai ba ruwanta da tsabta ko ƙazanta, jini take sha, kuma ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe take yi daga gashi zuwa gashi in yara sun haɗa kai, a aji, a Islamiyya, ko a kan matashi ɗaya. Musanyar hijabi da ɗankwali da mataji na iya kawo ta, amma haɗa kai shi ne babbar hanyarta.

Dalilin dawowarta shi ne ƙwai. Maganin da kika sa ya kashe manyan, amma ba lallai ya kashe ƙwayayen duka ba. Macen ƙwarƙwata na yin kusan wata guda a kai, kullum tana manna ƙwai a gindin gashi, su kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Wato lokacin da kika zaci an gama, sabbin suna fitowa ne. Shi ya sa magani sau ɗaya rabin aiki ne.

Ki tsefe kitson gaba ɗaya, ki zaunar da ita a tsakar gida da hantsi, inda haske yake sosai. Ki duba bayan kunnuwa da ƙeya, nan suka fi taruwa. Babbar ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, kuma tana gudun haske, don haka ƙwan za ki fi gani. Ga yadda za ki bambance shi da amosani: ki kaɗa gashin da yatsa, amosani zai faɗi, shi kuwa ƙwai yana nan daram, sai kin kama shi da farce kin zare shi har ƙarshen silin gashin. Wanda ke daf da fata galibi shi ne mai rai. Wanda ya yi nisa da fata, fari fat, galibi ɓawo ne da ya riga ya fashe.

A kemis ki nemi permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, ki duba lambar NAFDAC a jikinsa. Ki wanke kan da sabulu, ki tsane shi, ki shafa maganin har gindin gashi, ki bar shi minti 10, ki ɗauraye. Gashin yaranmu yana da cika, saboda haka ki tsaga shi gida-gida da kibiya, kada maganin ya tsaya a sama. Sai ki maimaita a rana ta 9. Ki rubuta ranar a kalanda, don nan ne iyaye mata da yawa ke sakin aiki.

Tsakanin nan sai taza. Ki jiƙa gashin, ki sa mai ya yi santsi, ki fara warware shi da babban mataji, sannan ki bi da mai ƙananan haƙora daga fata zuwa ƙarshe, kina gogewa a farin ƙyalle don ki ga abin da ya fito. Ki yi haka duk bayan kwana huɗu har mako biyu. Na san aiki ne, kuma yarinya za ta yi kuka, amma ki lallaɓa ta, ki riƙa yi kaɗan-kaɗan. A wannan lokacin manyan kalaba biyu ko huɗu sun ishe ta, ƙananan kitso ya jira.

Ki duba kan kowa a gidan rana ɗaya, har da naki, a yi wa duk wanda aka ga ƙwarƙwata mai rai a kansa magani tare. Hijabai da ɗankwali da rigar matashi da suka yi amfani da su cikin kwana biyun da suka wuce, ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana. Mataji ya yi minti 10 a ruwan zafi. Ba sai kin yi feshi a ɗaki ba, ƙwarƙwatar da ta bar kai ba ta wuce kwana biyu take mutuwa.

Aski yana aiki, ga yaro namiji ma shi ne mafi sauƙi. Amma 'yar shekara 8 da za ta shiga cikin ƙawayenta, ni ban ga dalilin aske ta ba tunda ga wata hanya. Ki nuna wa babansu wannan amsar. Ki kuma sanar da malamarta a asirce, don a duba sauran 'yan ajin, in ba haka ba za ta sake kwasowa.

Ƙaiƙayi na iya ɗan jimawa bayan magani, wannan ba komai. Amma in kin ga ƙuraje suna ruwa ko mugunya, ko kaluluwa a wuyanta, ko gashi na zubewa a zagaye irin na makero, ko kuma kin ga ƙwarƙwata mai rai bayan zagaye na biyu na maganin, ki kai ta asibiti a canza mata magani.