Amsa: Yadda za a tsara hotunan da suka warwatse a kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce hotunanka sun taru birjik a kwamfuta da sunaye irin IMG_0412, har neman guda ɗaya ya zama aiki.

Shawarata ita ce ka tattara su duka a babbar folda guda, ka raba su shekara-shekara, sannan kowane taro ko tafiya ka ba shi tasa foldar. Wajen sa suna, ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar "2023-08-14 Taron yaye ɗalibai", domin da haka ne kwamfuta za ta jera su da kanta bisa tsarin lokaci, alhali in ka fara da rana sai watanni su cakuɗe. Idan ka manta ranar ɗauka, kyamara da waya suna adana ta a cikin hoton, a bayanan da ake kira EXIF, sai dai hoton da aka turo ta WhatsApp galibi ya rasa su, ingancinsa ma ya ragu.

Kada ka goge katin memori sai ka tabbatar akwai kwafi biyu, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet irin Google Drive.