Amsa: Me ake nufi da HER2 2+ a takardar gwajin Mama?

Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an yi mata gwajin sankarar mama a nan Jos, aka rubuta HER2 2+.

HER2 furotin ne da ke jikin ƙwayoyin halitta, shi ke karɓar saƙon su girma su rabu. Idan ya yi yawa, ƙarin sankarar kan yi saurin girma. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu wannan sankara haka nasu yake.

Ana rina tsokar da aka ciro a duba: 0 da 1+ bai yi yawa ba, 3+ ya yi. Shi 2+ tsaka-tsaki ne, sai an ƙara da gwajin FISH, wanda ke ƙirga ƙwayoyin gadon da ke samar da HER2, kafin likita ya yanke shawarar ba da trastuzumab, maganin da ke tare HER2, kuma sai an duba lafiyar zuciya tukuna.

Inda ake yawan samun matsala kuwa wajen adana tsokar ne. Dole ta shiga ruwan fomalin mai kashi 10, wato sinadarin da ke hana tsoka lalacewa, cikin awa ɗaya da ciro ta, ta zauna awa 6 zuwa 72. Idan aka yi jinkiri, furotin ɗin kan lalace, sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Ki tambayi likita ko an kiyaye wannan.