Fatawa: Ya sayar min da fili, yanzu ya ce ƙasa ta gwamna ce

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, shekara uku da suka wuce na sayi fili a Rijiyar Zaki. Na biya lakadan gaban shaidu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, har na zuba harsashi. Yanzu da wurin ya yi daraja, mai filin ya ce zai mayar min da kuɗina, wai a tsarin mulki ƙasa ta gwamna ce, kuma gwamna bai sa hannu ba. Cinikin ya ɓaci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, cinikinku ya ƙullu, kuma bai halatta ya warware shi ba sai da yardarka. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari, a Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya halatta kasuwancin da aka yi bisa yardar juna.

Maganar sa hannun shugaba a sha'anin ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, amma Malikiyya suka ce in tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan wannan babi tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Su kuma da suka zo, dokarsu ta 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna. Dokar 1962 ta bi sawunta, sannan gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, wadda sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya.

To me dokar ta ce? Gwamna riƙon amana yake yi wa jama'a. Abin da ke hannun mutum haƙƙin zama ne da amfani, kuma a fiƙihu irin wannan haƙƙi dukiya ne, ana sayar da shi, ana gadonsa. Shi ka saya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, sashe na 22 na dokar ta 1978 ya ɗora wa mai filin ne neman amincewar gwamna kafin ya sayar. Ya ƙi yin abin da ke wuyansa, ya ci kuɗinka shekara uku, yanzu yana son sakacinsa ya zame masa hujja. Wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya.

Kai ma da sauran aiki a gabanka. Hatimin mai unguwa shaida ne, amma kotu tana iya ƙin cinikin da ba a nemi amincewa a kansa ba, kuma bin hukuma a abin da ke kare dukiya wajibi ne. Ka adana takardarka, ka tara shaidunka da dillalin tun suna raye, dattawan unguwa su zaunar da shi ya sa hannu a je Ma'aikatar Ƙasa a mayar da sunanka. In ya ƙi, ka nemi lauya ka kai ƙara. Wallahu a'alamu.