Amsa ga ɗan uwan da ke tambaya kan CBT: ni ma haka na ce, na iya babur tun daga Kano

Assalamu alaikum. Ɗan uwan da ya yi tambaya jiya da daddare, wai shekara goma yana kan babur a gida, yanzu ya zo Ingila an ce sai ya biya kusan fam 180 an koya masa tuƙi na yini guda, wato CBT, horon farko na dole ga mai hawa babur, kafin ya fara kai abinci, shin akwai amfani ko cin kuɗin baƙi ne kawai. Ƙanena, da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin maganar da ta fito daga bakina ke nan lokacin da na sauka Birmingham.

Ni acaɓa na yi a Kano, ba hawan ƙawa ba. Daga Bata zuwa Kantin Kwari zuwa Kurna, da Jincheng, mutum biyu a baya ga buhu a kan tanki. Ina kan titi aka tilasta hular kwano a farkon 2009, har wasu abokan sana'armu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Ina cikin sana'ar har Janairun 2013 da gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. To mutumin da ya yi wannan ne za a ce ya zo ya zagaya robobi a fili tare da yara 'yan shekara 16? Zuciyata ta ƙi.

Ana cikin haka na haɗu da wani ɗan garinmu. Ba zan kama suna ba, shi ya san kansa. Yana da 'yan babura masu ƙaramin inji 125cc yana bayarwa haya duk mako. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, kai da ka yi acaɓa? Lasinka na gida yana aiki shekara ɗaya, inshora kuma na gama da ita, hau kawai." Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta ci ni. Lasin gida yana aiki wata 12, amma a kan abin da aka ba ka shi dominsa kaɗai. Nawa na mota ne. Mu nawa ne muka yanki lasin babur a Kano? Inshorar kuwa da sunansa take shi ɗaya, kuma ba irin wadda ta halatta ɗaukar kaya don kuɗi ba ce. Ya san duk wannan. Wallahi ya sani.

Mako na uku, wani daren Nuwamba, ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, na ɗauko abinci zan kai wani gida wajen unguwar Small Heath. Na iso wani ɗan ƙaramin shataletale, wanda ko kusa bai kai na Dangi a Kano ba. Na gaji, hannuna ya ƙage da sanyi, gilashin hular ya yi raɓa. Sai idona ya yi abin da ya saba shekara da shekaru: na dubi hagu, na ga babu kowa, na shiga. A nan mota daga dama take zuwa maka. Hasken wata farar motar kaya kawai na gani ya cika min fuska. Na damƙe birkin gaba da dukkan ƙarfina, tayar ta hau jiƙaƙƙen ganye, babur ya zame ya bar ni. Na ji gwiwata tana gogar kwalta, akwatin baya ya buɗe, shinkafar mutane ta watse a titi tana tururi. Tayar motar ta tsaya tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba daga kaina. Ina kwance ina kallon ƙarƙashin motar, ruwa yana ɗigo min a wuya, wayar da ke maƙale a kan babur tana ta ƙara wai na makara. Kalmar shahada ma sai da na laluba kafin ta zo bakina. Direban wani dattijo ne Bature, ya fito jikinsa yana rawa fiye da nawa, yana ta ba ni haƙuri alhali laifin nawa ne. Abin da ya zo min a lokacin shi ne mahaifiyata a Kurna, da yadda za a ce mata ɗanta ya tsallake titunan Kano lafiya ya je ya mutu a kan shinkafar fam goma.

'Yan sanda suka zo. Babu tsawa, babu "a yi haƙuri Oga". Suka buga lambar a na'ura, suka tambayi takarduna, suka kira motar ɗaukar babur ina tsaye ina ɗingishi. Hawa babu inshora kaɗai tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasi. Hawa babu CBT kuma tararsa tana iya kaiwa fam 1,000 da wasu makin har 6. Makin nan su ne masifar, domin shekaru suna binka, duk kamfanin inshorar da ka je sai ya tsuga maka kuɗi.

Na kira mutumin nan daga asibiti. Ka san abin da ya fara tambaya? Ina babur. Bai ce yaya jiki ba. Washegari ya zo ɗakina da lissafi a takarda: kuɗin fito da babur, kuɗin ajiya na kowace rana, kuɗin gyaran roba da madubi, har da hayar makon da babur yake tsare. Na ce ai kai ka ce min komai daidai ne. Ya ce, "Ai kai ka ce ka iya." Na biya, saboda baƙo ne ni, ba ni da bakin magana, kuma ina jin kunyar a ce 'yan gari ɗaya suna rigima a ƙasar mutane. Wata huɗu ban tura wa gida ko sisi ba. Na yi wa matata ƙarya cewa aiki ne ya yi ƙasa. Har yau idan na tuna takardar nan da ya rubuta da jan biro sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Bayan gwiwa ta warke na yanki lasin koyo, fam 34 ta intanet, na je na yi CBT ɗin da na raina. Farkon abu aka ce in karanta lambar mota daga nisan mita 20. Mai koyarwar wata mata ce mai furfura. Da ta ga yadda nake juya babur tsakanin robobi ta yi dariya ta ce hannuna ya fi nata. Sai kuma ta lissafo min abin da ban taɓa sanin ina yi ba: ba na waiwayawa ta kafaɗa kafin in karya kwana, ina barin sigina tana ta ƙiftawa bayan na juya, yatsana kullum yana kan hon, kuma ina manne wa gefen titi inda ƙofar mota za ta buɗe ta make ni. Waiwayen nan suna kiransa da sunan da ke nufin mai ceton rai. Ta sa na yi birkin gaggawa ya fi sau goma, a matsa na gaba a hankali sannan a ƙara, kada a fizga. Da na san wannan kaɗai da ban faɗi a daren nan ba. Daga nan aka fita titi, aƙalla awa biyu doka ta ce, rediyo a kunne, ɗalibai ba sa wuce biyu ga malami ɗaya. Duk shataletalen da muka tunkara sai in ji muryarta, dama, dubi dama. Babana yana ba da labarin rikicewar da direbobi suka yi a 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta dama, muna yi masa dariya. Ashe ina da rabona.

Ba wai ina yabon tsarin ba ne gaba ɗaya. Tun 1990 suke yinsa, kuma gwamnati ba ta ƙayyade farashi ba, kowace makaranta da nata. Ni da na iya babur ya amfane ni, amma yaron da muka yi tare bai taɓa riƙe kan babur ba sai ranar, kuma da la'asar aka miƙa masa takarda. Yini ɗaya ya yi kaɗan ga irinsa. Ba jarrabawa ba ce, amma idan ba su gamsu da kai ba za su ce ka dawo, wasu kuma sai ka ƙara kuɗi, don haka ka tambaya tun kafin ka biya. Ka tambaya kuma ko kuɗin ya haɗa da babur da hula da safar hannu. Kada ka je da silifas ko doguwar riga, za su mayar da kai gida. Ka duba makarantar a shafin gwamnati na gov.uk, kuma duk wanda ya ce zai samo maka takardar ba tare da ka je ba, ka guje shi.

Takardar, DL196 suke ce mata, shekara biyu take yi ta mutu. Da ita ba ka wuce babur mai inji 125cc, jan harafin L gaba da baya, ba goyo, ba hawa manyan hanyoyin da suke kira motorway irin M6. Wautar da na yi ita ce na bari ta mutu na sake biya daga farko. Ka yi jarrabawar cikakken lasi a cikin shekara biyun nan. Lokacin da na yi, ta kwamfuta fam 23 ce, ta fili fam 15.50, ta kan titi fam 75 a ranakun aiki, sai kuɗin malamin da zai shirya ka, wanda shi ne mai nauyin.

Af, ba ka faɗi irin bizarka ba. Idan ta karatu ce ka tsaya tukuna, domin masu kai abinci a Deliveroo da Uber Eats ana ɗaukarsu masu zaman kansu ne, bizar ɗalibi kuma ta hana wannan. Kada ka yi aiki da asusun wani na manhajar kai abinci. Ka sayi sarƙa mai kauri, ɓarayin babur a garin nan ba sa barci. Safar hannu kuma kada ka yi mata rowa, ina da wata da jaket da suka yi min kaɗan, idan kana kusa da Birmingham ka yi min magana ta gefe ka karɓa.

Mutumin nan kuwa har yanzu yana ba da hayar baburansa. Juma'ar da ta wuce sahu ɗaya muka tsaya, na gan shi bayan sallama ya dafa kafaɗar wani yaro sabon zuwa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na bi yaron har bakin ƙofa na karɓi lambarsa.