Shirin RPG ya ƙi harhaɗuwa bayan faɗaɗa gurbin kuɗi: in kashe LVLCHK?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da AS/400, kwamfutar kasuwanci ta IBM, a wurin aikinmu. Makon jiya aka faɗaɗa gurbin kuɗi a fayil ɗin ciniki daga lamba 9 zuwa 11. Tun daga ranar shirin da aka rubuta da harshen RPG, mai fitar da rahoton ƙarshen wata, yake faɗuwa da kuskuren CPF4131, wato tsarin fayil ya saɓa da wanda shirin ya sani. Na zo sake harhaɗa shi (compile) da umarnin CRTBNDRPG, sai ga kurakuran RNF7030, wato sunan da ba a ayyana ba, sun fi sittin. Wani da ya riga ni a aikin ya ce in daina wahalar da kaina, in sa LVLCHK(*NO), wato in kashe binciken tsarin fayil, in ci gaba da tsohon shirin. Jibi ake jiran rahoton, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kuskure sittin ɗin nan da wuya su wuce ɗaya. Bin RNF7030 ɗaya bayan ɗaya barin jaki ne ana dukan taiki. Buɗe takardar harhaɗawar da umarnin WRKSPLF, ka koma sama wajen layukan da aka ayyana fayiloli. Galibi za ka tarar da kuskuren RNF2120 mai nauyin 40 a ma'aunin tsananin kuskure, wato ba a ga bayanin fayil ɗin ba, don haka duk gurbin da ke cikinsa ya zama baƙo. Duba jerin laburare da umarnin DSPLIBL, idan laburaren fayil ɗin ba ya cikin jerin, ƙara shi da ADDLIBLE ka sake gwadawa. Idan kuwa RNF2121 ka gani, to da alama da harshen SQL aka sake ƙirƙirar fayil ɗin, sunan tsarin rekod ya zo ɗaya da sunan fayil, abin da RPG ba ya yarda da shi. Sake wa tsarin suna da RENAME a layin fayil ɗin ya wadatar.

Yanzu maganar abokin aikinka. Wallahi na gaji da jin wannan shawara. Kusan duk inda na shiga sai na samu wani gwanin da ya iya LVLCHK(*NO) kamar karatun sallah, amma ka tambaye shi me CPF4131 yake tsarewa sai ya fara sosa ƙeya.

Lokacin harhaɗawa shirin yana kwafe tsarin rekod, ya riƙe cewa gurbi kaza yana farawa a bayit kaza, tsawonsa kaza. Yana kuma ajiye lambar shaidar tsarin mai harafi 13. Duk sanda ya buɗe fayil sai a gwada tasa da ta fayil ɗin, in suka saɓa a tsayar da shi. Kana iya ganin su da idonka: umarnin DSPPGMREF a kan shirin, umarnin DSPFD a kan fayil ɗin. Kashe wannan bincike bai canza komai a cikin shirin ba, zai ci gaba da yanka rekod da tsohon ma'auni.

Ɗauki naka misalin. A ce gurbin irin wanda kowace lamba ke cin bayit guda ne, da lamba biyu na kwabo. Naira 1,250,000.00 yanzu tana zaune a fayil a matsayin 00125000000. Tsohon shirin zai ɗebi tara na farko, 001250000, ya buga maka 12,500.00. Lamba ce lafiyayya a wurinsa, ba zai yi ko tari ba. Alamar ragi kuma a bayit na ƙarshe take, wanda bai karanta ba, saboda haka kuɗin da aka mayar wa mai saye zai fito a matsayin ciniki. Duk gurbin da ke bayansa ya goce da bayit biyu. Mai sa'a shi ne wanda gurbinsa cusasshe ne, lamba biyu a bayit, domin shi kuskuren gurɓatacciyar lamba, MCH1202, zai kayar da shirin nan take, kowa ya san akwai matsala. Marar sa'a rahotonsa zai fito tsaf, manaja ya sa hannu, sai masu binciken kuɗi sun zo bayan wata shida a fara neman wanda za a ɗora wa.

Abin da ya ba wannan al'ada gindin zama shi ne, idan a ƙarshen rekod aka ƙara gurbi, shirin da karatu kawai yake yi yakan tsira. Mutum ya gwada sau ɗaya ya sha, shi ke nan ya zama malami. Haka ’yan'uwanta, ɗaga GENLVL, iyakar nauyin kuskuren da ake yafewa wajen harhaɗawa, zuwa 20 don a tura shiri da ƙarfi, da FIXNBR mai mayar da gurɓatacciyar lamba sifili. GENLVL ɗin ma ba zai cece ka ba, nauyin naka kurakuran 30 ne da 40.

Kafin ka harhaɗa, faɗaɗa gurbin kuɗin a fayil ɗin firinta ka sake ƙirƙirar sa da umarnin CRTPRTF. Ka duba ma'ajin jimla a cikin shirin, in da tsohon umarnin ADD ake tarawa, yana sare manyan lambobin gaba shiru idan wuri ya cika, umarnin EVAL ne ke tsayawa da kuskuren RNX0103. Sannan ka fitar da DSPPGMREF na laburaren gaba ɗaya ka ga sauran shirye-shiryen da ke taɓa fayil ɗin, don ba wannan kaɗai ne zai faɗi jibi ba. Ka kuma leƙa DSPFD tun yau, kada ya zamana mutumin naka ya riga ya kashe binciken a kan wasu fayilolin bai gaya wa kowa ba.