Ya Haddace Azuzuwan Kalmomi Takwas, Amma Jimla Tana Rikita Shi

Tambaya: Malam, ni mazauniyar Shara Mansur ce a Makka. Ɗana yana shirin jarrabawar STEP ta gwada ƙwarewa a Turanci, kuma wata shida ke nan ina biyan wani yana koya masa Turanci. Ya haddace azuzuwan kalmomi takwas da ma'anoninsu tamkar karatun allo, amma da zarar an ba shi jimla an ce ya faɗi ajin wata kalma, sai ya rikice. Hankalina ya tashi, ko dai kansa ne ba ya ja?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kan yaron nan lafiya lau yake. Yaron da ya taso a Makka ya riga ya san rabon Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, na ismu da fi'ili da harafi, kuma takwas ɗin Turanci ba su saɓa wa wannan ba. Malaman Girka ne suka fara rabawa takwas, Turawa suka gada suka gyara. Abin da Larabawa suka tara a ƙarƙashin ismu, su sai suka warware shi zuwa suna da wakilin suna da sifa da wani ɓangare na bayanau.

Cutar tana wani wuri, kuma kusan kullum sai na gamu da ita. An koya wa yaran nan cewa kowace kalma tana da aji guda da aka haife ta a cikinsa, saboda haka aikin ɗalibi shi ne ya haddace jerin sunaye da jerin aikatau. Wannan kuskure ne mai tsada, domin Turanci ya zubar da mafi yawan alamomin i'irabi, wato sauyin ƙarshen kalma mai nuna aikinta, matsayin kalma a cikin jimla ne ke nuna ajinta. Ki ɗauki kalmar "fast", wadda duk ɗan Makka ya kamata ya sani. A cikin "We fast in Ramadan" aikatau ce, muna azumi. A cikin "He broke his fast" suna ce, azumin kansa. A cikin "a fast train", kamar jirgin ƙasan Haramain da ke zuwa Madina, sifa ce, sannan a cikin "He walks fast" ta koma bayanau. To, a wane jeri malamin nasa ya rubuta masa ita? Haka "book" take: littafi ce a hannun ɗalibi, amma idan alhaji ya ce "Book a room for me", umarni yake bayarwa a kama masa ɗaki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gajerun dokokin da masu tallan "Turanci cikin kwana talatin" ke yaɗawa a WhatsApp. Su ce duk kalmar da ta ƙare da "ly" bayanau ce, alhali "friendly" sifa ce, "family" kuwa suna. Su ce aikatau kalmar aiki ce kawai, sai yaro ya tsaya a gaban "is" da "seem" da "know" yana neman inda ake aiki bai gani ba. Na taɓa karɓar littafin wani ɗalibi, shafi bayan shafi an ja layi da jan biro an jera kalmomi, babu cikakkiyar jimla ko ɗaya a ciki, kuma riyal ɗin mahaifinsa sun tafi a kan haka. Mai koyarwa irin wannan hadda yake sayarwa saboda ita ce mai saurin burge iyaye.

Ki sa yaron ya ajiye jerin nan. Kullum ya ɗauki jimla biyar daga littafinsa na makaranta, ya fara nemo aikatau, wato kalmar da za ta sauya idan an mayar da zancen jiya ko gobe. Daga nan ya tambayi wane ne ya aikata, kuma wace kalma ce ke bayanin wace, kamar dai yadda yake i'irabi a darasin nahawu. Shi kuma malamin, ki roƙe shi ya sa "water" a jimla biyu masu aji daban-daban a gabanki kafin ki biya kuɗin wata mai zuwa.